Mi Aka Zana Nan? Amsar Bahaɗeje Ga Mutanen Kuki

Tun kafin in buɗe baki na san abin da za ku ce. Za ku karɓi takardar, ku juya ta sama, ku juya ta ƙasa, ku miƙa wa na kusa shi ma ya juya, sannan dattijon cikinku ya gyara murya ya ce, "To Malam, mi aka zana nan?" Babu doki, babu masallaci, babu fuskar gwamna. Shuɗi ne shimfiɗe, ja ya ratsa shi ta gefe, wani ɗan rawaya ya maƙale a kusurwa, ga sawun jijiyar katako ya fito ko'ina. In na ƙara da cewa wani ya kwashe watanni yana sassaƙa don ya fitar da wannan, kuma akwai masu biyan kuɗi su rataye a ɗaki, sai ku ce Allah ya ba shi lafiya, ya ba masu sayen ma.

Ni Bahaɗeje ne, don haka tsakanina da ku Katsinawa babu ɓoye-ɓoye, babu kuma fushi. Wanda ya ji zafi ya kai ƙara wurin Yandaka a Dutsin-Ma, ko ya wuce Kurfi wurin Maraɗi. Duk inda ya je za a ce masa wasa ne na kaka da kakanni, a ba shi ruwa ya sha, ya koma gida.

Bari in fara da sana'ar, kada a ce na zo da tatsuniya. Kun san mai yanka hatimi, wanda ke zama bakin sakatariya da ɗan teburinsa, yana yanka roba da reza, haruffa a juye, don in an buga su fito daidai. To bugun katako babban wansa ne. Ana samun falanki a goge shi sumul, a zana abin da ake so, a sassaƙe duk inda ba a son tawada ta taɓa. Abin da ya rage a tsaye shi ke ɗaukar tawada. A shafa da rola ko buroshi, a kifa takarda, a murza bayanta da gindin cokali ko a sa a injin matsa, sannan a ɗaga a hankali daga kusurwa. Launi ɗaya ke nan. In ana son na biyu, sai wani katakon da wata tawadar, a kan takardar nan dai, kuma dole ta zauna daidai inda ta zauna da farko. Shi ya sa Japanawa ke yanka 'yar kusurwa da ɗan layi a bakin kowane katako, inda gefen takarda zai tokare. In ta goce ko da kaurin farce ne, aiki ya lalace.

Sana'ar kuwa ta girmi kakan kakanku. Akwai littafin da aka buga da katako a ƙasar Sin mai ɗauke da shekarar 868, yana nan ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Hoton ƙatuwar igiyar ruwan nan ta Hokusai, da ake gani a jikin riguna da bangon waya, bugun katako ne na wajen 1831. To amma waɗannan akwai siffa a cikinsu, ba su ne rigimarmu ba. Rigimarmu ita ce wanda babu komai cikinsa sai launi da launi.

Ga maganata guda ɗaya, wanda zai tafi gona ya ji ta ya tafi: launi ba ya da hali ɗaya, maƙwabcinsa ne ke ba shi hali. Mai bugun katako marar siffa ba wani abu yake yi ba illa shirya wannan maƙwabtaka. Kuma kun fi shi sanin haka, taurin kai ne kawai.

Na ji wani daga can baya ya ce ja dai ja ne, ko a Kuki ko a Makka. Madalla. Je wurin tela ka roƙi ƙyalle ruwan toka daga tarkacen da ke ƙarƙashin kekensa. Yaga shi biyu a gaban shaidu, don na san halinku. Ɗora rabi a kan jan mayafi, rabi a kan koriyar darduma, ka ja da baya. Na kan ja zai yi kore-kore, na kan kore zai yi ja-ja. Ɗauko su ka haɗa gefe da gefe, sai su koma abu ɗaya. Sake gwadawa da baƙi da fari: na kan baƙi ya yi haske, na kan fari ya yi duhu. Ba rufa-ido ba ne, ba ni da layar komai. Haka aka halicci ido: ba ya auna launi shi kaɗai, sai ya gwada shi da na gefensa, kuma in ya ƙoshi da ja sai ya fara ƙirƙiro kore. Ƙura wa tiren tumatir ido na ɗan lokaci, ka juya ka kalli farin bango, ka zo ka faɗa mana abin da ka gani.

A Faransa wannan magana har husuma ta haddasa. A birnin Faris akwai tsohuwar masaƙar sarauta mai suna Gobelins, inda ake saƙa manyan dardumomin bango. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, ya shugabanci marinarta. Ya tarar da ƙorafi yana jiransa: wai baƙin zaren da ake rinawa ba ya da ƙarfi, koɗaɗɗe ne, musamman inda aka saƙa shi kusa da shuɗi da shunayya. Kun san yadda irin wannan shari'a ke tafiya, masaƙi ya ɗora wa marini, marini ya ɗauko rantsuwa. Chevreul ya ɗauki zaren ya gwada, ya kwatanta shi da baƙin wasu wurare, ya ga lafiyarsa ƙalau. Marini ya fita. Ashe baƙi in ya jingina da shuɗi, ido ne ke yafa masa ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, sai a ga kamar ya sha rana. Mutumin nan ya bi abin shekara da shekaru, har a 1839 ya fitar da littafi sukutum a kai, masu zane suka yi ta karantawa. Wani malamin zane Bajamushe da ya koma Amurka, Josef Albers, ya sake ɗauko zancen a littafinsa na 1963, yana sa ɗalibai su mai da launi ɗaya ya zama biyu da guntayen takarda, irin gwajin ƙyallen da na ba ku. Su littattafai suka rubuta. Mu da karin magana ɗaya muka sallami zancen: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Yanzu ku zo mu je Katsina ranar hawan Sallah. Cikin ƙura da dawakai da dubban jama'a, wa ido ke fara tsinta tun daga nesa? Dogari. Ja da kore. Wanda ya zaɓa wa dogarai kayan nan bai taɓa jin sunan Chevreul ba, amma ya san ja ba ya cika baki sai da kore a gefensa. Ku ɗinka wa dogari ja da ruwan goro ku ga yadda kwarjininsa zai ragu.

Alhaji, kai da ka fi kowa ɗaga murya, cire hularka. Cire dai, mun san da sanƙon. Mi aka zana a jikinta? Doki ne ko masallaci? Ba komai, layuka ne da kusurwoyi da ɗige-ɗige. Amma an gan ka ranar Laraba a kasuwar Dutsin-Ma, tsaye gaban mai huluna, ka ɗora wannan a kan hannun rigarka ka ajiye, ka ɗauki waccan ka fita da ita rana ka dawo, kana cewa wannan ba ta shiga da shaddar ba, waccan ta yi hayaniya, wancan zaren ya kashe sauran. Mai hula ya gaji, yaronsa ya gaji, ba ka gaji ba. A lokacin ba ka tambayi ma'anar zanen ba ko sau ɗaya. Sai da aka kawo maka irinsa a takarda ka zama alƙali. Hajiya kuma da ke dariya, ke da kika mayar da mayafi kasuwa don shuɗinsa ya fi na atamfar duhu da ɗan kaɗan, ki bar dariyar. Faifan da ke rataye a ɗakinki, wanda ya saƙa shi ya san inda zai tsai da ja ya shigo da kore, ya san inda zai bar kaba fara ta huta.

Gafarta Malam, na ga kana gyara rawani, kuma na san ta inda za ka ɓullo. Kwantar da hankalinka, a nan babu siffar mai rai ko ɗaya. In ma akwai zanen da bai kamata ya dame ka ba, to wannan ne. Kuma tuna da rubutun hannu na alarammomi: baƙaƙe da baƙar tawada, wasali da ja, hamza ɗigon rawaya, hamzatul wasli ɗigon kore. Shafi guda, launi huɗu, kowanne da aikinsa, ga zayyanar allon sauka kuma da ba ta kwaikwayi komai ba a duniya, amma in aka ɗaga ta kowa ya san ta yi kyau ko ba ta yi ba. Hannun da ya iya wannan ba baƙon zancenmu ba ne.

To ina abin da mai bugun katako ya fi mai hula? Nan ne nake so ku zauna sosai. A hula zare yana zama kusa da zare. A bugun katako launi yana zama kusa da launi, kuma yana hawa kansa. Tawada in aka sassauta ta, ana hango ta ƙasa ta cikinta. Buga rawaya, ta bushe, ka buga shuɗi ya hau rabinta: inda suka haɗu kore ya fito, alhali ba ka sayi koren tawada ba. Juya tsarin, shuɗi a ƙasa rawaya a sama, kore ne zai fito amma ba wancan ba: na farko yakan fi tsabta da haske, na biyu yakan fito a dushe. Wa ya fara sauka, wa ya biyo baya, duk lissafi ne. Da katako uku da tawada uku ana iya samun launi bakwai: uku su kaɗai, uku na haɗuwar biyu-biyu, ɗaya na inda duka ukun suka taru. Farin takarda da aka bari ba a taɓa ba shi ne na takwas, kuma gwanaye sun fi tsoron ɓarnatar da shi fiye da tawada.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ja da koren nan na dogari. Gefe da gefe suna ɗaga juna. Ɗora ɗaya a kan ɗaya, sai su kashe juna, a sami wani abu mai duhu ruwan laka. Launi biyu ɗin nan dai, ba a canza su ba, wurin zama kawai aka canza. Don haka in ka ga takarda da ja ya zo daf da kore, ya tsaya, an bar siririn fari tsakaninsu, ba kuskure ba ne, mai aikin ya yi tunani kafin ya sa wuƙa. In kuma ka ga ya bar su sun ɗan hau juna an sami bakin layi mai duhu, shi ma da gangan ne. Sannan akwai yawa da ƙaranci. Ɗigon ja guda a tsakiyar shimfiɗar shuɗi ya fi ja rabin takarda ƙarfi. Ku tambayi marinan Ƙofar Mata a Kano su ma su faɗa maku nasu: zane na fitowa daga karofi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, a sake tsomawa ya ƙara duhu, har ya kai ga baƙin da ke ƙyalli bayan bugu. Shuɗi ne a kan shuɗi, amma kowane hawa da fuskarsa.

Akwai kuma wata hanya ta masu ƙarfin zuciya, wadda Picasso ya shahara da ita wajen 1959, ko da yake shi a kan robar lino ya yi. Katako ɗaya tak. Ka buga launi mafi haske a kan duk takardun da kake so, a ce ashirin. Ka koma kan katakon nan ka sassaƙe inda kake son launin ya tsira, ka buga na biyu a kan duka ashirin ɗin. Ka sake sassaƙewa, ka buga na uku. Kana tafiya katako na ƙarewa. In a launi na huɗu ka ga da ka sani da rawayar nan ta fi faɗi, sai haƙuri, wurin ya zama ɓawon katako a ƙasa, kaji na tonawa. Shi ya sa za ka ga an rubuta 3/20 da fensir a gindin takarda: ta uku cikin ashirin, kuma babu ta ashirin da ɗaya har abada.

Wanda ya ce ɗansa na aji uku zai iya, ya kawo yaron.

A Japan da can aikin rabe yake, mai zane daban, mai sassaƙa daban, mai bugu daban. Sai irin su Onchi Koshiro suka ce mutum ɗaya ya yi duka da hannunsa, kuma tun wajen 1915 ya fara fitar da bugun da babu siffa a cikinsa. A Amurka kuma Helen Frankenthaler, wadda ta yi suna wajen kwarara fenti a kan yadi ya bi inda ya ga dama, ta ce sai katako mai tauri ya yi mata irin wannan laushin. A shekarar 2000, tare da wani gwanin bugu Bajapane, Yasuyuki Shibata, ta fitar da aikin da ake kira Madame Butterfly: katako 46, launi 102, a kan takarda uku da aka jera, faɗinsa ya kai mita biyu. Ku lissafa sau nawa takarda za ta koma kan katako ba tare da ta goce ba. Ni dai ra'ayina, yawan launi ba shi ne gwaninta ba, na fi jin daɗin wanda ya riƙe uku ya sa su suka yi aikin goma. Kuma ba zan rantse maku cewa duk zane marar siffa abin kirki ne ba. Akwai shirme jibgi, har a manyan gidajen nune-nune. Ga yadda nake gwadawa, kyauta na ba ku: sa tafin hannunka ka rufe launi ɗaya. In sauran suka mutu ko suka canza fuska, mai aikin ya san abin da yake yi. In ba abin da ya faru, launin nan zaman banza yake yi, ka mayar masa da takardarsa.

"Wannan duk na Turawa da Japanawa ne." Haba. Zariya fa? A kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane a 1958, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Abin da suka tsaya a kai shi ne a koyi dabarar waje, amma a ɗebo zane daga gida. Onobrakpeya, haifaffen 1932, ya zama babban sunan bugun hoto a Nijeriya, kuma tun 1998 yake tara masu zane a garinsu Agbarha-Otor a Jihar Delta suna koyon sana'a. Solomon Wangboje ma ɗan makarantar Zariya ne, gwanin bugun lino. Gaskiya yawancin aikinsu akwai mutane da dabbobi a ciki. Amma abin da nake so ku lura shi ne, samari suka taso daga kudu suka zauna cikin zanen bangon Zazzau da marina da dukanci, suka buɗe ido suka koya. Ku da kuka gaji abin, kuna juya takarda kuna tambayar mi aka zana.

Ba ma sai an je Zariya ba. Buɗe akwatin lefe. Atamfar Holan da ake rigima a kanta in babu ita, kamfanin Vlisco ke yin ta a garin Helmond, kamfanin da ya faro tun 1846, kuma shekaru da yawa da hannu ake buga mata ƙarin launuka da hatimin katako bayan an gama rinin farko. Ɗan gocewar nan da launi ke yi daga layin zane, da ɗan fari da ke leƙowa, daga nan asalinsu yake. Kun daɗe kuna sayen bugun katako da tsada, kuna ɗaurawa, kuna zuwa biki.

Akwai magana ɗaya da ba zan yi wasa da ita ba. Wani zai ce mutanen da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, ga tsadar taki, ga noman rani a bakin Zobe da ke neman fetur, ina su ina launi. Wannan gaskiya ce mai nauyi, Allah ya kawo sauƙi, kuma ban ce takarda za ta tsare gari ba. Sai dai ko a shekarun nan ban ga an daina zaɓen hula ba, ban ga amarya ta ce a kawo mata kowane irin zane ba. Mutum bai fasa son abu ya shiga da ɗan'uwansa don yana cikin wahala.

Saura tambayar da na san ita ce a bakin kowa tun ɗazu: nawa ake samu? Ba zan yi maku ƙaryar dillali ba. Takardar rataye a bango kasuwarta ƙarama ce, tana Legas da Abuja da ƙasashen waje, kuma masu cin abinci da ita kaɗan ne. Amma hatimin da ya bugi takarda zai bugi yadi, ya bugi fata, ya bugi labule da katin biki. A Ntonso kusa da Kumasi har gobe da guntun ƙwarya ake sassaƙa hatimi ana buga zanen adinkra, baƙi na zuwa saye. Garin Dutsin-Ma da ke da jami'ar tarayya tun 2011 ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita bai rasa samarin da za su gwada ba, kuma masassaƙin da ya iya fitar da allo sumul daga aduwa ya riga ya yi rabin karatun.

In za ku gwada, kada ku ɗauko kirya, ta turmi ce, za ta cinye maku wuƙa. Ku nemi falanki mai laushi wurin kafinta, ku fara da launi biyu kawai, mai haske a ƙasa, ku riƙa tura wuƙa gaba, hannun hagu na bayanta ba gabanta ba. Takardar farko za ta fito a juye, ta biyu za ta goce, wannan dole ne. Cokalin murzawa kuwa, in na Hajiya kuka ɗauko ya dawo shuɗi, kada wanda ya ambaci sunan Bahaɗeje.